Ranar da Yaro Ya Hango Abin da Babba Bai Hango Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwana mazauna Legas, na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende da Alaba Rago, da duk wanda wannan saƙo ya iske.

Kashegarin Sallar da ta wuce yara suka matsa min, muka tafi bakin teku ta wajen Lekki. Kun dai san yadda muke a nan. A gida kallon hawan Sarki ake kai yara, a Ikko kuwa ba hawa, sai a cika mota a tafi kallon ruwa. Muna zaune kan yashi, masu doki suna ta kai da kawo, sai ga wani yaro da bai fi shekara tara ba yana jan rigar mahaifinsa: "Baba, ruwan nan fa ja yake yi, ka ce wa Yaya ya fito." Uban ko ɗago kai daga waya bai yi ba. "Dalla rufe mana baki, kai me ka sani?" Allah Ya tsare, ba a daɗe ba masu gadin wurin suka busa usur aka fito da kowa. Amma maganar uban nan har gida ta biyo ni, domin ta tuna min da wata yarinya.

Sunanta Tilly Smith, 'yar ƙasar Ingila, shekarunta goma a lokacin. Ranar 26 ga Disamba, 2004, tana yawo da iyayenta da ƙanwarta a bakin tekun Mai Khao da ke tsibirin Phuket na ƙasar Tailan. Sai ta ga ruwa ya canza hali, yana kumfa yana ɓulɓula, ba irin zuwa da komawar da aka saba gani ba. Mako biyu kafin wannan rana malaminsu na labarin ƙasa ya koya musu darasi kan tsunami, har ya nuna musu bidiyon wadda aka taɓa yi a Hawai. Yarinya ta gane abin da ke gabanta. Ta faɗa wa mahaifiyarta, uwar ba ta ɗauki zancen da zafi ba. Ta nace, ta ɗaga murya, har mahaifin ya ga abin nata ya wuce wasa, ya je ya gaya wa mai gadin otal. Aka kwashe mutane daga bakin ruwa aka hau sama. Ruwa ya zo. Kimanin mutum ɗari ne a wurin, kuma ba a ji labarin mutuwar ko ɗaya daga cikinsu ba.

A wannan rana, a ƙasashe 14, mutanen da suka rasu sun kusa 230,000. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mafi yawansu 'yan'uwanmu Musulmi ne na lardin Aceh a Indonesiya, lardin da saboda riƙon addini ake masa kirari da zauren Makka. Da yawanmu mun ga hotunan masallatai a tsaye ƙyam, unguwar da ke kewaye da su kuwa an share ta kamar an bi da tsintsiya. Mun tura wa juna hotunan muna kabbara, kuma lallai aya ce. Sai dai ni ina ganin ayar da ke cikin yarinyar nan ba ta gaza ta masallatan ba, ita ce dai ba mu tsaya mun karanta ba.

Mece ce tsunami tukuna? Ba igiyar da iska ke kaɗawa ba ce. Girgizar ƙasa ce ke aukuwa a ƙarƙashin teku, ƙasan tekun ya ɗaga ko ya zurma a lokaci guda, ya ture duk ruwan da ke bisansa tun daga ƙasa har sama. Ta 2004 a kusa da tsibirin Sumatra ta faru, ƙarfinta ya kai maki 9.1. A tsakiyar teku mai zurfi ruwan kan yi gudun kusan kilomita 800 a awa guda, gudun jirgin sama ke nan, amma na cikin jirgin ruwa ba lallai ya lura da wucewarsa ba. Sai ya kusato gaɓa, inda zurfi ya ragu, gudun ya ragu, ruwan ya taru ya tashi. Bayan awa bakwai ko fiye ya iso gaɓar Afirka, ya kashe kusan mutum 300 a Somaliya. A lokacin babu tsarin gargaɗi a Tekun Indiya. Awa bakwai cur, ba wanda ya ce wa masuntan Somaliya ku matsa.

Alamunta ba su da wuyar haddacewa, yaro ɗan aji uku zai riƙe su. In kana bakin teku ka ji ƙasa ta girgiza da ƙarfi ko ta daɗe tana girgiza, kar ka jira sanarwa. In ka ji rugugi daga teku kamar na jirgin ƙasa, haka nan. Mafi yaudara a cikinsu ita ce janyewar ruwa: teku ya ja da baya can nesa, yashin da ba a taɓa gani ba ya bayyana, kifi na tsalle a fili. A 2004 mutane da yawa wannan ta cinye, domin gaba suka nufa, wasu kallo, wasu tsintar kifi. Kuma ba igiya ɗaya ba ce. Ta farko ba lallai ta zama babba ba, wanda ya sauko da wuri yana cewa ai ta wuce sai ta biyu ta iske shi.

Akwai wani tsibiri, Simeulue, dab da inda girgizar ta auku. A 1907 irin wannan ruwa ya yi musu mummunar ɓarna. Waɗanda suka tsira suka sa wa abin suna smong, suka saƙa shi cikin waƙar reno da tatsuniya: in ƙasa ta girgiza, ruwa ya janye, ka nufi tudu. Kusan shekara ɗari kakanni mata suna rera wa jikoki wannan. Da ranar ta zo, cikin mutum wajen 78,000 bakwai kawai aka rasa. Ba na'ura, ba jiniya, sai tsofaffin da suka riƙe amanar labari. Na tambayi kaina, mu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ma yaushe rabon da 'ya'yanmu na Legas su ji ta daga bakinmu?

Na san wani zai ce, Malam, ina ruwanmu da tsunami a Legas? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan tsorata ku da ƙarya ba. Gaɓarmu ba ta kan irin tsagar da ke haifar da manyan girgizar nan, ba mu cikin sahun Japan da Indonesiya. Alhamdulillah. Amma waɗanda suka daɗe a garin nan sun san yadda Bar Beach ke tumbatsa ta hau titin Ahmadu Bello kafin a gina katangar duwatsu. A 2012 ruwa ya afka bakin tekun Kuramo ya tafi da rayuka. Sannan 'ya'yan nan da muke raino ba a Agege za su ƙare ba, wasunsu Malesiya za su je karatu, wasu jirgin ruwa za su yi wa aiki.

Abin da ya fi wannan: halin da ya sa mutane suka bi kifi cikin tekun da ya janye yana nan tare da mu. A watan Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa, jama'a suka fito da bokiti da jarka, wuta ta tashi, aka rasa sama da mutum 150. Ba na faɗar wannan don zargin mamata, Allah Ya jiƙansu da rahama, na san abin da talauci ke sa mutum. Amma fetur a kwance kan titi da kifi a kwance kan yashi duk abu ɗaya ne, banza ce mai kiran mutum zuwa ajali. Yaron da aka koya wa cewa in ka ga banza irin wannan ka juya baya, wataƙila shi zai riƙe rigar babansa.

Gudun ma sai da sani. Tsofaffin Agege ba su manta daren 27 ga Janairun 2002 ba, lokacin da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta yi ta fashewa. Mutanen da suka rasu sun haura dubu, kuma mafi yawansu ba bam ne ya same su ba. Gudu suka yi cikin duhu da ruɗewa suka afka magudanar Oke-Afa, wadda ciyawa irin kainuwa ta lulluɓe har ta yi kama da fili. Yara ne da yawa a cikinsu.

Mu koma ga Littafinmu. A Suratun Namli, aya ta 18, wa ya ceci garin tururuwa lokacin da rundunar Annabi Sulaiman (AS) ta doso? Tururuwa ɗaya. Ta hango, ta gane, ta yi shela: ku shiga gidajenku kada Sulaiman da rundunarsa su tattake ku ba da saninsu ba. Annabin Allah, mai mulkin mutum da aljan, bai ce wannan 'yar mitsitsiya me ta sani ba. Murmushi ya yi, ya gode wa Ubangijinsa. 'Yan ayoyi kaɗan a gaba, alhudahuda ya tsaya gabansa ya ce na san abin da ba ka sani ba. Tsuntsu fa, ga Annabi! Sulaiman bai kore shi ba, ya ce za mu duba mu ga ko gaskiya ka faɗa. Abin da ake nema daga uba ke nan, ya ɗago kai ya duba.

Ga kuma hadisin Abdullahi ɗan Umar (RA) a cikin Bukhari. Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda take misalin Musulmi. Manya suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ya san dabino ce, amma ya ga shi ne ƙarami a wurin, kunya ta hana shi. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar bai ce madalla ka yi ladabi ba. Cewa ya yi, da ka faɗa da ya fi min kaza da kaza.

Mu kuwa karin maganarmu ita ce, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ce a kan aure da abota da zaman duniya, ban ja da ita ba. Amma babban da bai taɓa jin darasin ba fa? Kunya da kara adonmu ne, ba na so mu rasa su. Sai dai mun miƙa su har inda ba su kai ba, har yaro ya ji warin gas a ɗakin girki ya yi shiru don kada a ce ya cika surutu.

A Japan an ga fuska biyu ta wannan a rana ɗaya, 11 ga Maris, 2011. A garin Kamaishi, Farfesa Toshitaka Katada ya yi shekaru yana horar da 'yan makaranta: kada ka sakankance da hasashen da aka yi, ka yi iya ƙoƙarinka, kuma ka zama na farkon gudu, domin gudunka shi zai tada na baya. Ƙasa na gama girgiza ɗaliban ƙaramar sakandare suka nufi tudu, suna riƙe da hannun 'yan firamare. Suka isa matsera ta farko, suka ga ba ta isa ba, suka ƙara gaba. Garin ya rasa fiye da mutum dubu, amma cikin ɗalibai kusan 3,000 ƙalilan ne ba su tsira ba. A wata firamare kuma a lardin Miyagi, an tara yara a filin makaranta kusan minti hamsin manya na shawarar inda za a nufa, ga tudu a bayan makarantar. Ruwa ya iske su, yara 74 suka rasu.

Kada wani ya ce ai ajali in ya zo ba makawa. Haka ne, mun yi imani. Amma lokacin da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'a, Abu Ubaida (RA) ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wani kuma ya taɓa ce min ai ɗan Annabi Nuhu ma dutse ya nufa bai tsira ba. Na ce masa, ɗan Nuhu gargaɗi ya ƙi ji. Mahaifinsa kuwa katako ya sassaƙa, ya haɗa jirgi tun babu ko ɗigon ruwa, mutane na masa dariya.

Don haka iyaye, da 'yan'uwana malaman Islamiyya, minti goma bayan hadda ba zai rage komai ba. A gaya musu ruwan tekun nan namu yana da ja, kuma in ya ja mutum ba a kokawa da shi kai tsaye, a bi gefe ne ko a kwanta bisa ruwa a ɗaga hannu. Wanda bai iya iyo ba kada ya faɗa ceton wani, ya jefa masa jarka mai murfi ko igiya ya yi ihu. In damina ta cika titi kada su taka inda ba su ga ƙasa ba, akwai buɗaɗɗiyar kwata, akwai wayar wuta. In sun ji warin gas kada su taɓa makunnin lantarki. Su haddace lambobin kiran agajin gaggawa, 112 da 767, kamar yadda suka haddace lambar wayar Mama.

Ranar Asabar na gwada wannan a ajinmu. Na ba su labarin tururuwa, na ba su na Tilly. Da na gama, wata 'yar ƙarama a sahun baya ta ɗaga hannu, hijabinta na jan ƙasa.

"Malam, to in na faɗa Abba bai yarda ba fa?"

Na ce ki sake faɗa. In bai ji ba ki je wurin Umma, in ba ta kusa ki nemi mai gadi ko duk babban da kika gani, ki ɗaga murya, ba rashin kunya ba ne. Ta yi shiru, ta ce, "Zai yi faɗa fa."

Na ce ta gaya wa Abban nata Malam na gaishe shi, kuma ina son ganinsa bayan La'asar.