Ta hango, amma ba ta gane ba

Wani labari ya ce mota mai tuƙa kanta tana koyon yadda hanya take, ta auna matakai barkatai a kwamfuta kafin ta zaɓi mafi aminci. Ni fa ban gamsu ba. A Maris 2018 a Tempe, jihar Arizona ta Amurka, motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta hango wata mata tana tura keke da dare, fiye da daƙiƙa 5 kafin ta buge ta. Motar ta yi ta ruɗewa kan abin da ta hango, yanzu ta ce mota ce, can ta ce keke. Birkin gaggawa na Volvo, kamfanin da ya ƙera motar, kuwa an kashe shi. Masu cewa ƙarin bayanai zai magance komai, yaya lissafi zai fito daidai idan tun farko an ɗora shi a kan hoton kuskure?