Wata uku da PS4 ɗin ƙanina a ɗakina

Tun ina ɗan firamare nake buga gem, amma in za a faɗi gaskiya gem ɗaya na yi ta bugawa shekara ashirin, ana canza masa riga. Winning Eleven a wani shago kusa da Wunti a Bauchi, wanda aka ci ya biya, ga yara sun yi cincirindo a bakin ƙofa suna jiran wani ya tashi. Daga nan aka koma PES, aka koma FIFA. Da Konami mai PES ta sake wa nata suna eFootball a 2021, kamfanin EA ma ya rabu da sunan FIFA a 2023 ya koma FC, ban ji wani abu ya canza a hannuna ba. Ƙwallo dai ƙwallo ce.

Sai ƙanina ya tafi bautar ƙasa ya bar min PS4 ɗinsa da faya-fayai a leda, ya ce, “Yaya, don Allah ka gwada wani abu ban da ƙwallo.” To na gwada.

FC 24 na fara sakawa duk da haka, hali zanen dutse. Tana da kyau, ba musu, sai dai ɓangaren da ake sayen kati a rufe ba ka san ɗan wasan da zai fito ba, ni a wurina ƙanwar caca ce, ko da wane suna aka kira ta. Kuma har yau babu ƙungiyarmu Wikki Tourists a ciki, balle in rama abin da ake mana a fili. Kwana biyu na ajiye ta.

Elden Ring ce ta fara koya min hankali. Kamfanin FromSoftware na Japan ne ya fitar da ita a 2022, har ta ci kyautar gwarzon gem na shekarar, kuma na ga dalili. Kana fitowa daga rami ka ga wani ƙaton mahayi cikin sulken zinare yana sintiri. Na ɗauka a gem duk wanda aka ajiye a gabanka dole ka kashe shi. Sau goma sha ya tattake ni kafin in gane cewa so ake in kewaye shi in wuce, in dawo bayan na yi ƙarfi. Wannan dabarar ta burge ni. Abin da bai burge ni ba shi ne babu madannin dakatarwa. Wanda ya tsara haka bai taɓa zama a gidan da za a kira sallar la'asar kana tsakiyar faɗa ba, ko a ce maka gas ya ƙare ga tuwo a kan wuta. Ranar da na kusa gamawa da Margit, wani babban abokin gaba da ke tare hanya, saura ɗan jini kamar tsinke, aka ɗauke wuta. Na zauna cikin duhu riƙe da hannun gem kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ban koma mata ba. Gem ce mai kyau, amma ta masu sola ce.

A nan ne na fahimci abin da ya sa yaranmu suka tattare a Free Fire. Ɗan yayata ya sa min ita a waya: mutum hamsin a tsibiri, minti goma an gama, ƙaramar waya ma tana ɗauka, ba ta shan data kamar PUBG mai mutum ɗari. Mukan ce yaran yanzu ba su da haƙurin dogon labari. Ba haka ba ne. Wuta da data da cajin waya su suke zaɓa mana abin da za mu buga, mu kuma mu ɗauka son ranmu ne. Ni dai an harbe ni tun ban samu bindiga ba, yaron yana ta dariya yana cewa, “Kawu, ka daina sauka inda jama'a suke.”

Akwai wadda na buga a kwamfutar wani abokina a Yelwa, Age of Empires III, ta gina gari da tara runduna. A 2021 suka ƙara Hausawa da Habashawa a ciki. Sarauniya Amina ce jagora, akwai mahaya masu lifidi, akwai maharba Fulani, akwai masu gadi, shanu kuma dukiya ne da ake kiwo a sayar. Na danna wani manomi sai na ji ya amsa min da Hausa. Wallahi sai da na sake dannawa kusan sau biyar, abokina yana cewa in yi sauri maƙiya sun iso bakin ganuwa. Kano suka sa a matsayin babban birni alhali Amina ta Zazzau ce, wannan kuma na bar wa Zazzagawa su shigar da ƙara. An ƙone garina ƙurmus, amma na tashi da fara'a.

Wadda ta kama ni da gaske ita ce Red Dead Redemption 2, ta Rockstar, masu GTA. Ta fito a 2018, labarin wasu 'yan fashi ne a Amurka a shekarar 1899, lokacin da hukuma ta fara matse irinsu. Faifai biyu ne, sakawa kaɗai ta cinye min rabin yini da litar fetur. Sa'o'in farko cikin dusar ƙanƙara ake tafiya a hankali, har na kusa cirewa. Komai nata a hankali yake. In ka harbi barewa sai ka tsaya ka feɗe ta, ka ɗora a bayan doki. In ka wuce mutum a hanya za ka iya gaishe shi, ya amsa.

Sannan ga dokin. Marigayi kakana yana da wani akawali da yake hawa da sallah, ni ne mai yanko masa harawa ina yaro, ni ke riƙe linzami in ana ɗaura sirdi. Na manta da wannan duka sai ranar da na ga Arthur Morgan, jarumin labarin, ya sauko ya ɗauki buroshi yana goge wuyan dokinsa, yana masa magana ƙasa-ƙasa, dokin yana karkaɗa kunne. Yadda suka yi numfashinsa bayan sukuwa, yadda yake firgita in ya ji maciji ko kyarkeci, wanda ya yi wannan ya zauna da dawaki. Na sa masa suna Akawali duk da ja ne. Maiɗakina ta shigo wani dare ta same ni ina ba shi karas a bakin kogi, ba harbi ba gudu, ta tsaya ta kalli talabijin ta kalle ni, ta ce, “Yanzu fetur ɗin da muke ƙonawa na kiwon doki ne?” Ban samu amsa ba.

Wanda bai buga ba ya yi haƙuri, zan ɗan fasa ƙwai. Akwai wurin da ake aikenka karɓo bashin ruwa daga talakawa, ka lakaɗa wa wani manomi mara lafiya duka a gaban iyalinsa, ya yi maka tari a fuska. Gem ɗin ba ta ce komai ba a lokacin. Sai can gaba, bayan ka manta, Arthur ya yanke jiki ya faɗi a titi, likita ya ce tarin fuka ne. Daga nan kana kallon mutumin yana ramewa a hannunka. Ban taɓa zaton abin wasan yara zai sa in ajiye hannun gem in yi shiru ba.

Na kira ƙanina ina ba shi labari, shi kuma da yake bakinsa ba ya riƙe magana ya ce, “Ai Yaya, a aikin ƙarshe dokin ma mutuwa yake yi.” Yau sati biyu ke nan alamar aikin tana nan a taswira ban je ba. In an kawo wuta sai in hau Akawali mu nufi tafki, in kama kifi, in goge shi, mu dawo. Yaron zai zo hutu ƙarshen wata ya ɗauke na'urarsa, na riga na gaya masa kada ya taɓa min inda na tsaya.