Tantance injiniyoyi a Google da Amazon: hadda ake aunawa ko iya aiki?

A shekarar 2015 Max Howell, wanda ya ƙirƙiri manhajar Homebrew da masu rubuta manhaja a kwamfutocin Mac ke amfani da ita kullum, ya nemi aiki a Google bai samu ba. Dalili, kamar yadda ya koka a Twitter, shi ne ya kasa juya wani tsarin bayanai mai rassa a gaban farin allo. Ga mutum da aikinsa a hannun jama'a, amma aka auna shi da tambayar ɗakin jarrabawa.

Har yau salon bai sauya sosai ba. Za a ba ka minti 45, a ɗora maka matsalar lissafi, wani injiniya ya zuba maka ido kana warwarewa kana bayani. Haka za ka yi sau huɗu ko biyar. Shi ya sa masu nema, daga Bangalore ta Indiya har Legas inda Microsoft ya buɗe cibiya a 2019, suke kwashe watanni a shafin LeetCode, wanda ya tara irin waɗannan tambayoyi don atisaye, suna haddace ɗaruruwan tambayoyi. Mai iyali da ke aiki daga safe zuwa magariba, ina zai samu wannan lokaci?

Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: masu nema sun yi yawa, dole a samu ma'auni ɗaya, kuma sun gwammace su rasa gwani da su ɗauki wanda zai ɓata musu aiki. To amma wani bincike na Jami'ar Jihar North Carolina da Microsoft a 2020 ya nuna ƙoƙarin waɗanda ake yi wa gwajin yana raguwa da fiye da rabi idan ana kallonsu. Ke nan ana auna dakiyar zuciya ne, alhali aikin yau da kullum karanta tsohon rubutun wasu ne, da gano inda ya lalace, da jure gardamar abokan aiki. Google kansa ya taɓa yin watsi da tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, har shugaban sashen ma'aikatansa na lokacin, Laszlo Bock, ya ce a 2013 ɓata lokaci ne.

Ƙirƙirarriyar basira (AI) ce ta tona asirin sauran. A 2025 wani ɗalibin Jami'ar Columbia ya haɗa manhaja mai raɗa wa mutum amsa a ɓoye yayin ganawa ta intanet, ya gwada ta a kan Amazon, jami'ar ta dakatar da shi. Shugaban Google, Sundar Pichai, ya ce kamfanin zai dawo da aƙalla zagaye ɗaya na ganawa ido da ido.

Wannan zai rage satar amsa, na yarda. Sai dai tambayar da inji ke warwarewa cikin daƙiƙu, me ake nema da ita a wurin mutum? Da ni ne, sai in ba shi manhaja mai matsala, in bar masa kayan aikinsa har da injin, in dawo bayan sa'o'i biyu ya faɗa mini abin da ya gyara da dalilinsa.