Ba a fafe gora ranar tafiya: maganar guzurin Baba da Mma

Jama'ar Zango, musamman mu 'ya'ya da jikoki a nan Kumasi, akwai sakacin da muke yi wa iyayenmu, kuma da yake da kyakkyawar niyya muke yin sa, ba ma ganin sa a matsayin sakaci. Mutum zai shekara uku yana tara kuɗin kujerar Makka don Mma, ko ya yi ta fama da takardun biza don Baba ya je Landan ya ga jikoki. A yi walima, a yi addu'a, a ɗinka kaya. Sai daren tafiya, mota na jira a ƙofar gida a Aboabo ko Asawase za a kama hanyar Accra, sannan a miƙa wa tsoho ambulan cike da dala, ko katin bankin da bai taɓa sakawa a na'ura ba, a ce, "Baba, ga guzuri." Daga nan an bar shi da lissafin kuɗin da bai sani ba, a ƙasar da ba ya jin yarenta.

Ra'ayina shi ne guzurin dattijo wata guda kafin tafiya ake fara shirya shi, kuma da shi ake shiryawa, a gabansa, da hannunsa. Tsabar kuɗi kaɗai ba ta isa, kati kaɗai ma ba ya isa.

Kati aka fi jahilta, don haka da shi zan fara. Ba kowane katin da banki ya ba ka a Ghana ne ke aiki a waje ba. Katin e-zwich da na gh-link an yi su ne don cikin gida. Wanda za a dogara da shi a Jidda ko Landan sai yana ɗauke da tambarin Visa ko Mastercard. MoMo kuwa, wato kuɗin waya, da muka saba biyan komai da shi daga Kejetia har wurin mai waakye, mai shago a Madina bai san shi ba. A juya katin a duba wata da shekarar ƙarewarsa. Yana aiki har ƙarshen watan da aka rubuta, kuma idan watan zai faɗa cikin kwanakin tafiya, a nemi sabo tun yanzu, don buga sabon kati ba lallai ya samu a rana ɗaya ba.

Sai a ɗauki Baba da kansa, da Ghana Card ɗinsa, wato katin shaidar ɗan ƙasa, a je reshen bankinsa. A tambayi ma'aikaci ko an buɗe katin don aiki a ƙasar waje, domin wasu bankuna a rufe suke ba da shi sai an nema. A tambayi iyakar abin da za a iya cirewa a rana, da abin da banki ke yanka a kan kowace cirewa, da ƙarin da yake ɗorawa a kan farashin canji. A gaya musu ƙasar da za a je da ranakun tafiya, saboda na'urar tsaron banki idan ta ga katin da bai taɓa wuce Adum ba ya bayyana a Makka, tana iya ɗauka sato shi aka yi, ta toshe shi. A kuma tabbatar asusun bai yi barci ba, don da yawa daga iyayenmu sun buɗe asusu ne shekaru da suka wuce ba su sake waiwayarsa ba.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne lambar waya. Banki yana tura lambar tabbatarwa da sanarwar cirewa zuwa layin da aka yi rajista da shi. Alhaji ya sauka, wani yaro ya cire masa layin Ghana ya sa masa na Saudiyya, ya naɗe tsohon a takarda, ya ɓace a cikin jaka. Daga ranar ba saƙon banki da zai sake shigowa, ko an ci kuɗinsa ba zai sani ba. Maganin wannan waya mai layi biyu ce: layin Ghana ya zauna a wurinsa, a je ofishin kamfanin waya a tabbatar zai kama a ƙasar waje, a kashe masa data don kada ya cinye kuɗi, a bar shi don karɓar saƙo kawai.

Lambar sirri kuma, kada a bar wadda banki ya bayar. A canza ta zuwa wadda dattijon zai iya riƙewa a ka, amma ban da shekarar haihuwa, tunda tana rubuce a fasfo, kuma wanda ya ɗauke jaka yakan samu kati da fasfo tare. Kada a rubuta ta a bayan kati ko a takardar da ke jaka ɗaya da shi. Yawancin bankuna idan an yi kuskure sau uku suna kulle katin, wani lokaci na'urar ma ta haɗiye shi. Saboda haka a koya wa Mma cewa idan ta yi kuskure sau biyu ta danna sokewa, ta karɓi katinta, ta kira gida. Kuma koyarwar ba da baki ba ce. A kai ta ATM sau uku ko huɗu a cikin watan, ita ta saka katin, ita ta danna, ita ta ƙirga, kai kana tsaye a bayanta hannunka a aljihu. Idan idonta ba ya ganin rubutun allon, gara a gane haka a Kumasi a nemo tabarau.

Na san wasu za su ce ɗan da ke Amurka ya aiko da katin bashi, a ba Baba ya riƙe. Ban goyi bayan haka ba. Katin da ke ɗauke da sunan wani, mai shago ko otal na da ikon ƙin karɓa, kuma idan matsala ta taso banki ba zai saurari Baba ba tunda ba nasa ba ne. Sannan cire tsabar kuɗi da katin bashi yana jawo caji na musamman, kuma ruwa yakan fara hawa tun daga ranar da aka cire. Dattijon da ya tafi neman gafarar Ubangiji ba zai so a ce guzurinsa ya haɗu da riba ba, kuma haƙƙinsa ne a gaya masa irin katin da aka sa masa a hannu. Inda katin bashi ke da amfani shi ne otal. Otal yakan riƙe wani adadi a matsayin jingina, kuma idan katin asusunka ne, kuɗinka na gaske ake riƙewa, wani lokaci sai bayan makonni a sake su. To wannan a bar wa ɗan da ya kama ɗakin ya biya daga can da nasa katin.

Abin da na fi yarda da shi: a buɗe wa tafiyar asusu na daban da katinsa, a zuba abin da zai isa mako ɗaya ko biyu. Idan ya yi ƙasa, ɗa ko 'ya a gida ta ƙara daga MoMo ko daga nata asusun, Baba ya cire riyal ko fam a can. Idan katin ya ɓace, abin da ke ciki kaɗai ke cikin haɗari, kuɗin fansho da na haya suna can lafiya. Wannan ya fi muhimmanci yanzu da katuna da yawa ake ɗora su a kan na'ura su biya ƙananan kuɗi ba tare da lambar sirri ba.

Akwai tarko ɗaya da har masu boko ke faɗawa. Na'urar shago ko ATM za ta tambaya ko a caje ka da kuɗin ƙasar da kake ciki, ko da dala ko kuɗin ƙasarku. Kullum a zaɓi kuɗin ƙasar da ake ciki: riyal a Saudiyya, fam a Ingila, yuro a Jamus. Idan ka zaɓi ɗayan, mai na'urar ne ke yanka farashin canjin, kuma nasa kusan kullum ya fi tsada. A cire kuɗi da ɗan yawa sau kaɗan, saboda cajin yana hawa ne a kan kowace cirewa. A yi amfani da na'urar da ke jikin reshen banki a lokacin aiki, don idan ta haɗiye kati a samu wanda za a yi wa magana, a kuma tuna cewa hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne.

Yanzu tsabar kuɗi. A saye ta a banki ko ofishin canji mai lasisi, da Ghana Card, a karɓi rasit a adana shi tare da fasfo. Na san al'adar zuwa Alabar wurin 'yan canji saboda ɗan bambancin farashi, amma doka ba ta yarda da shi ba, ba rasit, kuma idan takardar bogi ɗaya ta shiga cikin damin, tsoho ne zai tsaya gaban jami'i a ƙasar mutane yana rantsuwa. A nemi dala 100 sabuwa mai shuɗin zare, wadda aka fara fitarwa a 2013, marar yaguwa, marar tambari ko rubutun biro. Tsofaffin suna aiki a Amurka, amma masu canji a wasu ƙasashe suna ƙin su ko su rage musu farashi. Mai zuwa Ingila ya duba fam ɗin da ya daɗe a akwati: fam 20 da fam 50 na takarda sun daina aiki a shaguna tun bayan 30 ga Satumba 2022, sai na roba. Takardar yuro 500 ma shaguna da yawa ba sa karɓa. Kuma motocin bas na Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai kati.

Lissafin Saudiyya yana da sauƙi, domin riyal a ɗaure yake da dala: dala 1 riyal 3.75 ce, wato dala 100 riyal 375. Mai canji zai ba da ƙasa da haka kaɗan, amma idan ragin ya yi yawa a wuce gaba. Wahalar tana wurin iyayenmu da har yau suke ƙirga da tsohon sidi na kafin 2007, inda sidi 100 suke kira miliyan ɗaya. Mai irin wannan lissafin ka ce ya juya riyal zuwa dala, zuwa sidi, zuwa miliyan, a tsakiyar kasuwa, ka ɗora masa nauyi. A rubuta masa a ƙaramin kwali da manyan lambobi: riyal 10, riyal 50, riyal 100, riyal 500, kowanne da kwatankwacinsa a sidi bisa farashin ranar, har da tsohon lissafin idan shi ya fi ganewa. A nuna masa takardun tun a gida ya san kalarsu. A kuma tanadar masa ƙanana, 5 da 10, don sadaka, aski, shayi da mota, kada ya riƙa zaro 500 a bainar jama'a.

A raba kuɗin gida uku. Na kashewar yini a ƙaramar jaka. Babban kaso a lalita ko ɗamarar kuɗi a ƙarƙashin tufafi, tunda harami ba shi da aljihu, kuma malamai sun halatta ɗaura ɗamarar. Kaso na uku, kamar dala 200 na ko-ta-kwana, a ɗinke shi a cikin wata riga. Kada ko sisi ya shiga akwatin da za a auna a sa a cikin jirgi. Ƙulli a bakin zani da iyayenmu mata suka saba ya isa zuwa kasuwar Asawase, amma cunkoson ɗawafi da wurin jifa wani abu ne daban. Kuma mutum ɗaya amintacce a cikin ayarin ya san inda kowane kaso yake, saboda rashin lafiya ba ta sallama. Kafin a yanke yawan guzurin, a tambayi jami'an aikin Hajji ko kuɗin hadaya yana cikin kuɗin kujera, a kuma ware na masu tura keken ɗawafi idan ƙafa ba ta da ƙarfi.

Maganar saƙo ita ce mai wuyar faɗa a Zango, amma dole a faɗe ta. Da an ji Hajiya za ta tafi, wannan ya kawo dala 500 a sayo masa zinari, wancan ya kawo ambulan a kai wa ɗansa. A wurin kwastan duk abin da ke jikinta nata ne. Ƙa'idar Bankin Ghana ita ce abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana shi a filin jirgi. Amurka ma dala 10,000 ce, Ingila fam 10,000, ƙasashen Tarayyar Turai yuro 10,000, kuma a Amurka da Ingila iyalin da ke tafiya tare haɗa kuɗinsu ake yi a lissafa. Bayyanawa ba haraji ba ce, fom ake cikewa, amma ɓoyewa na iya sa a ƙwace kuɗin. Tsohuwa ba za ta iya ce wa maƙwabciyar shekara arba'in a'a ba. Mu 'ya'ya ne za mu tsaya a ƙofa, mu buɗe kowane ambulan a gaban mai shi, mu ƙirga, mu rubuta suna da adadi, abin da ya yi yawa mu mayar cikin girmamawa.

A takarda ɗaya, wadda ba ta jaka ɗaya da katin, a rubuta lambar da ake kira a toshe kati, cikakkiya da +233 a gabanta, domin lambobin kyauta na cikin gida ba kasafai suke shiga daga waje ba. A haɗa da lambobi huɗu na ƙarshen katin da lambar wayar 'ya'ya biyu. Kwafi ɗaya ya zauna a gida. Kada a dogara da cewa za a tura kuɗi ta kamfanin aika kuɗi idan an shiga matsala, don karɓa sai da fasfo, kuma a lokacin aikin Hajji sau da yawa fasfo ba ya hannun alhaji.

Bayan an dawo an gama rabon tsaraba, a zauna da Baba a buɗe bayanin asusun, a bi shi layi-layi tare da rasit ɗin da ya tara. Duk cirewar da bai gane ba a kai ƙorafi banki a makon, saboda neman a dawo da kuɗi yana da wa'adi. A canza lambar sirri, a rufe damar aikin katin a waje har sai wata tafiyar. Sulallan riyal da suka rage ba mai canza su a Kumasi, a ajiye wa wanda zai tafi Umara.