Na'urar rada na ganin ambaliya ta cikin gajimare

Yana damuna jin ana cewa tauraron ɗan'adam ba ya ganin ambaliya idan mahaukaciyar guguwa ta rufe sama. Maganar tana da tushe, domin kyamara sai da haske da sama garau.

Na'urar rada da ke kan wasu taurarin ɗan'adam kuwa daban take. Ita ke harba igiyoyinta na rediyo, su ratsa gajimare dare ko rana, su dawo mata. Kwantaccen ruwa yana karkatar da su kamar madubi, sai wurin ya fito baƙi a hoto. Da guguwar Harvey ta afka wa Houston a Amurka a Agustan 2017, an yi amfani da hotunan Sentinel-1, tauraron ɗan'adam na Turai mai ɗauke da rada, wajen gano inda ruwa ya ci. Cikin gari dai aikin ya fi wuya, gine-gine na rikita hoton.