Hausa ba 'yar Larabci ba ce

Sau da yawa za ka ji ana cewa Hausa daga Larabci ta samo asali, wai ai ga littafi, ga alƙalami, ga Lahadi da Litinin. Gaskiya ne waɗannan kalmomin Larabci ne, amma aro aka yi, bayan da Musulunci da fatauci suka kawo su.

Masana harshe sun sanya Hausa cikin rukunin harsunan Chadi, tare da Bolanci da Angasanci da Badanci. Tana da dangantaka da Larabci, amma ta nesa ƙwarai: kakansu ne ɗaya, tun dubban shekaru.

Ƙirga da bakinka ka ji. Daga ɗaya zuwa goma duk namu ne. Sai ka kai ashirin da talatin ka shiga Larabci, alhali mutanen zamanin da “gomiya biyu” suke cewa, ko “hauya”, maimakon ashirin.

Kuma ba wurin Larabawa kaɗai muka ara ba. Galadima da yarima na Barebari ne, takobi na Buzaye. Yaron Kano makaranta zai ce, na Damagaram kuwa lakwal, daga Faransanci, kuma dukansu Hausa suke yi.