Lakas-CMD: jam'iyyar da ke kumbura idan tana kusa da fada

Wanda ya dubi alƙaluman majalisar wakilan Filifin zai ɗauka jam'iyyar Lakas-CMD (Christian Muslim Democrats) ta mamaye zukatan masu zaɓe. A zaɓen 2022 kujeru 26 ta samu. Kafin wa'adin ya ƙare mambobinta sun haura 100, alhali ba a sake kaɗa ƙuri'a ba. Abin da ya faru kawai shi ne shugabanta, Martin Romualdez, ɗan'uwan Shugaba Ferdinand Marcos Jr., ya zama kakakin majalisa.

Ita kanta sauya sheƙa ce ta haife ta. A ƙarshen 1991 Fidel Ramos ya nemi tikitin takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar LDP, Ramon Mitra ya kayar da shi, sai ya fice ya kafa tasa, ya haɗe da ƙungiyar 'yan dimokuraɗiyyar Kirista ta Raul Manglapus. Wata ƙungiyar Musulmi ta shigo, shi ya sa sunan ke ɗauke da Kirista da Musulmi. A zamanin Ramos ɗin ne aka ƙulla sulhun 1996 da ƙungiyar 'yan tawayen Musulmi ta MNLF da Nur Misuari ke jagoranta, kuma wannan abin yabo ne. Amma a 1992 ƙasa da kashi 24 cikin ɗari na ƙuri'u Ramos ya samu cikin 'yan takara bakwai, ya ci saboda babu zagaye na biyu. Da aka rantsar da shi, Jose de Venecia ya janyo 'yan LDP ɗin nan har ya haɗa rinjaye, ya zama kakaki.

Gwajin gaskiya yakan zo ne ranar da mai fada zai sauka, domin wa'adi ɗaya ne na shekara shida. Sau biyu Lakas ta tsayar da magaji, sau biyu ta sha ƙasa. A 1998 de Venecia bai kai kashi 16 ba gaban Joseph Estrada. A 2010, bayan haɗewa da jam'iyyar KAMPI ta Shugaba Gloria Arroyo, Gilbert Teodoro ya zo na huɗu da kimanin kashi 11, tun ana kamfe gwamnoni da 'yan majalisa suka fara zamewa. Nasarar Arroyo a 2004 kuwa tana kan kujerar da ta gada daga Estrada ta same ta, kuma badaƙalar "Hello Garci" ta zargin maguɗin zaɓe ta shafa mata kashin kaji.

Dalilin a fili yake. Babu dokar da ke ƙwace kujerar wanda ya bar jam'iyyarsa a mazaɓun gunduma. A Najeriya aƙalla akwai sashe na 68 na tsarin mulki, ko da ana yi masa kwana. Shugabancin kwamiti da kuɗin ayyukan mazaɓa suna bin wanda ke tare da kakaki, kakaki kuma yana bin Malacañang, fadar shugaban ƙasa. Kotun ƙoli ta soke PDAF, asusun ayyukan mazaɓa na 'yan majalisa, a 2013, sai dai ayyukan da ake cusawa cikin kasafi ba su ɓace ba. Mutanen Filifin suna kiran irin waɗannan 'yan siyasa "balimbing", sunan wani ɗan itace mai fuskoki da yawa.

Za a ce ai Sara Duterte ta kawo wa Lakas ƙuri'a sama da miliyan 32 a takarar mataimakiyar shugaba ta 2022. Nata ne da na mahaifinta, tsohon shugaba Rodrigo Duterte, aro aka ba jam'iyyar. Ta shiga a Nuwamban 2021, ta fita a Mayun 2023 bayan an rage wa Arroyo muƙami a majalisa, kuma a Fabrairun 2025 majalisar da Romualdez ke jagoranta ta tuhume ta da nufin tsigewa. Romualdez ma ya ajiye kujerar kakaki a Satumban 2025 cikin rikicin kuɗin ayyukan kare ambaliya. Marcos ba zai iya sake tsayawa a 2028 ba, kuma tun ranar kafuwarta, in ban da Ramos, Lakas ba ta taɓa ɗora wanda ke wajen fada kan kujerar shugaban ƙasa ta hanyar akwatin zaɓe ba.